Ginshiƙin Tsakiya a Makarantar Yaya

Shafi na 17

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai."

Darakta ya cire tabarau, ya murza idanu, ya mayar. Takardar tana nan a bakin teburinsa inda ya turo mini ita, da biro a kai. Izinin shiga gini ne. In babu shi, ko kujera doka ba ta yarda a shigar ba, balle yara.

"Injiniya, umarni nake ba ki, ba shawara ba."

"Na sani."

"To?"

"To ba zan sa ba."

Fankar ofishin tana ta ƙara kamar za ta faɗo mana. Ƙafafuna sun gaji, amma ban zauna ba. Bai ce in zauna ba, ni kuma ba na roƙon kujera.

"Makarantar yayarki ce fa," in ji shi. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni da na ba ki duba ginin nan, cewa nake gata na yi miki."

"Tun ranar na ce ka ba wani. Ka ce babu wani."

"Don na ɗauka kina da hankali."

"Ina da shi. Shi ya hana ni."

Ya ja tsaki.

"Duk a kan wata 'yar tsaga."

"Tsagar ta ratsa daɓen ajin sama daga bango zuwa bango. Ƙofofin sama kuma sun daina rufuwa sai an sa kafaɗa. Ginin da ko shiga ba a yi ba."

"Filasta ce. Wane gini ne ba ya tsagewa? Dubi nan ma." Ya nuna bangon bayansa da biro.

"Wannan bangon ba yara zai ɗauka ba, Yallaɓai. Kalanda yake ɗauke da ita."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ya rage murya, ya ce Yaya ta kai ƙorafi kwamitin sulhu, kuma yau za su zauna a cikin ginin. In na sa hannu yanzu, zai buga waya ya ce an sasanta, kowa ya huta. Na san abin da ya sa ba ya son zaman. Shi ya sa hannu lokacin da aka zuba dekin benen, daga kan wannan kujerar, takalminsa bai taɓa taka wurin ba.

"Akwai ɗakin tsofaffin fayil a ƙasa," ya ce. "Babu taga. Sun daɗe suna neman mutum."

"Zan sayi fitila."

Na ɗauki hular kwanona na fita.

Masu turo mini saƙo cewa taurin kai ne ke damuna, na gani. Ku karanta na yau tukuna.

*

'Yan kwamitin sun riga ni isa. An jera musu kujerun roba a babban zauren ƙasa, inda yara za su riƙa taruwa da safe. Warin sabon fenti ya cika wurin. An manna haruffa da hotunan dabbobi a bango, an ɗaura ƙyallaye masu launi a jikin tagogi. Litinin ake son buɗewa.

Shugaban kwamitin tsohon mai zanen gine-gine ne da ya yi ritaya, yana dogara sanda. A damansa wata lauya ce da ba ta ɗaga kai daga rubutu, a hagunsa wani mutum da tun kafin a fara yake hamma.

Yaya tana zaune a gefe, hannuwanta a cinya, bayanta a miƙe kamar mai gadin jarrabawa. Kowa Malama yake ce mata. Rabin rayuwarta ta yi tana koyarwa a gidajen haya, ana tashinta daga wannan zuwa wancan, kafin ta iya ɗora bulo a kan bulo a filinta.

Na gaishe ta.

"Ina wuni, Yaya."

Ta amsa wa bango.

Ɗan kwangilar ne kawai ya tarbe ni da fara'a. Ba-Matsala ake ce masa, don ko gidanka ne ke cin wuta abin da zai fara faɗa ke nan.

"A'a, Injiniya da kanta! Yau ma da kwanon? Cire ki sha iska, ginina ba ya zubar da ko tsakuwa."

"Bar shi. Na saba da shi."

Aka fara.

Ba zan gajiyar da ku da abin da ya gajiyar da ni ba. Ba-Matsala ya yi magana har bakinsa ya bushe. Ya ce zafin rana ne ya tsaga filasta. Ya ce kafinta ne ya yi ƙofofin da ɗanyen katako. Ya ce ya yi gine-gine tun ina rarrafe.

Shugaba ya buɗe zanen ginin a kan gwiwarsa, ya ƙirga ginshiƙan zauren da bakin sandarsa, ya duba zanen.

"Ga su nan duk yadda aka zana, 'yata. Har na tsakiya. In ginshiƙai sun cika, me zai sa sama ta sauko?"

"Ban sani ba, Baba. Amma tana saukowa."

"Ba ki sani ba," in ji Yaya. Karon farko ke nan da ta yi magana. "Ba ki sani ba, amma kin hana ni buɗe makaranta."

"Yaya, na san abin da na gani."

"Kin ga tsaga. Ni ma ina da ido. A gidanmu da muka tashi akwai tsagar da ake sa hannu a ciki, ga mu nan da ranmu."

"Gidanmu ba bene ba ne."

"Ranka ya daɗe," ta juya ga Shugaba, "tun tana ƙarama haka take. In ta ce a'a, ko ita ba ta san dalili ba, sai dai a gaji a bar ta."

Mai hamma ya yi dariya. Lauya ta rubuta wani abu.

 Tun safe ruwa kawai na sha, ga kaina yana sara. Kujerun sun ƙare, ba wanda ya ce a kawo wata. Sai na ja baya na jingina da ginshiƙin tsakiya, don in ɗan sauke nauyi daga ƙafafuna.

Hular kwanona ta bugi jikinsa.

Ƙwam.

Na tsaya cak.

Duk wanda ya yi aikin gini ya san amsar kankare. Ba ya amsawa. Ka buge shi, hannunka ne zai ji. Wannan kuwa ya amsa mini kamar ƙofar kabad.

Na ɗora tafin hannuna a kai. Kankare a inuwa sanyi gare shi, ko da rana tsaka. Wannan babu sanyi ko kaɗan.

Na je na taɓa na gefe. Sanyi. Na dawo.

"'Yata, lafiya?" in ji Shugaba.

"A ba ni guduma."

Ba-Matsala ya miƙe.

"Guduma kuma? Injiniya, jiya fa aka gama fentin nan."

"A ba ni guduma."

"Leburori sun tashi, sun kulle kayan aiki. Ba matsala, gobe..."

"Baba, ara mini sandarka."

Tsohon ya dube ni, ya dubi ginshiƙin. Ya miƙo mini.

Sandar tana da kan ƙarfe. Na riƙe ta da hannu biyu. Na ji Yaya ta ce, "Auta!" da irin muryar da take tsawatar wa ɗalibai, amma hannuna ya riga ya tafi.

Bugu ɗaya, kan sandar ya shige ciki.

Na ja, falle guda ya biyo ni. Falanki ne siriri, an shafa masa filasta an bi da fenti. Na sa hannu na ɓamɓare sauran har ramin ya isa kai ya shiga, na kunna fitilar waya na leƙa.

Babu komai. Iska ce kawai, da wani tsohon buhun siminti da aka cusa. Da na haska sama, sai ga rodi guda huɗu sun leƙo daga cikin dekin, an yanke su da inji, bakinsu yana ƙyalli. Na haska ƙasa, ga sauran guntayen a tsaye.

An zuba ginshiƙin. Ya tsaya. Daga baya aka sare shi, aka yi masa akwati.

Mai hamma ya daina hamma. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ja kujerarsa a hankali zuwa bakin ƙofa.

Ban san lokacin da na isa gaban Ba-Matsala ba.

"Kai wane irin mutum ne? Matar nan ta ba ka amana, ta ba ka duk abin da ta tara a rayuwarta, ka sare mata ƙafar gini ka rufe da katako? Ajin yara ne a sama! Yara!"

"Injiniya, saurara..."

"Me ka yi da shi? Me ya tsare maka?"

"Ni bai tsare mini komai ba." Ya share gumi da hularsa. Fara'ar ta tafi. "Ni ma'aikaci ne. Abin da mai gini ya ce shi nake yi. Tambayi Malama."

Na juya.

Yaya ba ta motsa ba. Ba ta ko yi mamaki ba. Abin da ya fara karya mini gwiwa ke nan.

"Yaya?"

Ta gyara mayafinta.

"Yaya, ƙarya yake yi, ko?"

"Ni na ce a cire."

Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta tashi, ta taka zuwa ɗan dandamalin da aka yi a gaban zauren, ta hau, ta tsaya inda shugabar makaranta take tsayawa.

"Zo nan," ta ce. "Zo ki tsaya inda nake."

Ban je ba.

"Daga nan, in wannan abin yana tsaye, layi guda na yara ba na ganinsu. Layi guda cur. Kin san abin da yaro yake yi in ya san malama ba ta ganinsa? Kin taɓa riƙe aji? A tsohon gidan da muke haya, bayan irin wannan ginshiƙin wata yarinya ta haɗiye murfin biro. Ina gaba ina ta surutu, ban gani ba, sai da ta faɗi. Allah ne ya yi da sauran kwananta. Ranar na ce in na yi ginina, babu lungun da ɗa zai ɓace mini."

"Sai ki gaya mini! Da an sake zane. Akwai yadda ake yi zaure ya tsaya babu ginshiƙi a tsakiya, amma tun daga tushe ake shirya shi."

"Ban lura ba sai da aka gama na hau nan. Na tambaye shi, ya ce sauran za su ɗauka."

"Na ce za su iya ɗauka," in ji Ba-Matsala. "Iya."

"Rufe mana baki," in ji Shugaba.

"Akwatin fa, Yaya?" na ce. "Shi ma don ki ga yara ne?"

Nan ne ta kau da kai.

"Na 'yan kwanaki ne. In an ba da takarda a cire."

"Wato don ni aka yi shi."

"Don hukuma."

"Ni ce hukumar da aka turo. Kin san ni ce. Kika bar ni ina hawa sama ina sauka, ina auna tsaga, ina hana kaina barci ina neman inda na yi kuskure. Kika kai ni ƙara. Yanzun nan kika ce ban san dalili ba, alhali ke kin san shi."

"Da na gaya miki za ki sa hannu?"

"A'a."

"To kin gani."

Na mayar wa Shugaba sandarsa. 

Tsohon ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya yi gyaran murya, ya ce shi aikinsa sulhu ne, ba hukunci ba. Ya ce ga shawara: a kawo turakun ƙarfe a tokare wurin, a ba da izini na wucin gadi, a yi zangon karatu ɗaya, in an yi hutu a gyara.

"Kin ga kowa ya samu. Me kika ce, 'yata?"

Duk suka zubo mini ido. Har lauya ta ɗago.

Na so in ce to. Ku yarda da ni, na so. Na gaji da zama ni kaɗai a gefe guda na kowane ɗaki.

"Baba, dekin ya riga ya sauko. Ban san iya abin da ya karye a cikinsa ba, kai ma ba ka sani ba. Turaku a kan tayil za su tsaya, ba a kan tushe ba. Sai an kawo wani injiniya daga waje ya gwada, an haƙa, an sake zuba ginshiƙi, ya bushe, an sake gwadawa. Kafin nan ko mai shara ban yarda ya shiga ba."

"Zai kai yaushe?" in ji lauya.

"Zangon nan dai ya tafi."

"Iyaye ba za su jira ni zango guda ba," in ji Yaya. "Na riga na saki tsohon gidan. Malamaina za su watse. In ban buɗe Litinin ba, babu makaranta. Kin gane? Babu."

"Na gane."

"Kuma?"

"Kuma ba zan sa hannu ba."

Shugaba ya naɗe zanen. Ya ce kwamiti ba shi da ikon tilasta wa mai duba gini, za su rubuta abin da suka gani. Ya fita yana dogara sanda, bai bi ta ƙarƙashin wurin ba, ya zagaya ta jikin bango.

Ni na ɗauko jan fenti daga mota. Ni na yi alamar a jikin ƙofar, kusa da allon da aka rubuta sunan makarantar. Na sa kwaɗon hukuma na danna. Yaya tana tsaye a bayana har na gama.

Kafin in tayar da mota saƙon Darakta ya shigo. In kwashe kayana daga teburina, daga gobe ɗakin fayil.

*

Da yamma na isa gida, na tarar da takalman Yaya a ƙofar ɗakin Umma.

Na tsaya. Na yi tunanin wucewa ɗakina in kwanta. Sai Umma ta ce, "Shigo, na ji motarki."

Umma tana bakin gado. Yaya tana ƙasa, ta jingina da ƙafafunta, idanunta sun kumbura. Ban taɓa ganin Yaya ta yi kuka ba.

"Zauna."

Na zauna a bakin ƙofa.

"An ce kin fasa wa yayarki gini a gaban mutane."

"Katako na fasa, Umma."

"Kar ki yi mini bokon nan. Ba ta yi daidai ba, na gaya mata, ga ta nan. Amma ke ba a ba ki mafita ba? Ba dattijo ne ya ce a tokare ba?"

"In ya faɗo a kan yara fa?"

"In bai faɗo ba fa?"

"Umma, ba na sa hannu a kan 'in'."

"Ji ta," in ji Yaya, murya a dushe. "Ji ta, Umma."

Ta gyara zama, ta share fuska da gefen mayafi. Da ta sake magana, Malama ce ta dawo, ba mai kuka ba.

"Auta, saurare ni da kyau. Ranar Litinin zan buɗe. Ba-Matsala ya ce zai kawo turakun gobe. Zan sa a fasa kwaɗonki."

"Yaya, laifi ne."

"Na sani. Kuma don kar wani uba ya ce na sa ɗansa inda ba zan sa nawa ba, 'yan biyuna ne za su zauna a layin tsakiya. Daidai wurin."

 Yaran nan a bayana suka yi wayo.

"Ba za ki yi haka ba."

"Ki zo ki gani."

"In aka fasa kwaɗon, dole wanda ya sa shi ya kai rahoto. Daga nan 'yan sanda ne, sai kotu. Ba ni da ikon tsayar da shi in ya tafi."

"To ki kai. Ki zo da su da kanki, ki nuna musu ni."

Ta tashi ta sa takalmi ta fita. Ba ta taɓa ni ba wajen wucewa, duk da ƙofar ƙarama ce.

 Na jira Umma ta ce za ta yi mata magana. Na jira ta ce in je in ci abinci.

Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Ni ban san gini ba," ta ce. "Amma ku biyu gare ni. Ranar da kika tsayar da 'yar'uwarki gaban alƙali, kada ki dawo ɗakin nan ki ce mini Umma."

"Ko da jikokinki ne a ƙarƙashin dekin?"

"Na gama magana. Ja mini ƙofa."

Na ja mata.

Yau kaɗai na rasa teburina, na rasa Yaya. Litinin kuma, in aka fasa kwaɗon nan, zan kai rahoto, don babu wani a ofishin da zai kai. Ranar zan rasa Umma.